Rediyon Kaka: Akwati Daban, Inji Daban

Kowacce daga cikinmu ta san kwanon da murfinsa ya ɓata, aka ɗauko murfin wani aka rufa masa. Yana rufuwa kam, tuwo ba ya hucewa, amma duk macen da ta san jere kallo ɗaya za ta yi ta ce murfin nan na aro ne, don zanen fulawarsa daban, bakinsa kuma bai zauna daram ba. To, yau a kan irin wannan aron murfi zan yi magana, sai dai na tsohon rediyo.

Gidaje da yawa akwai shi. Yana can cikin sito ko ƙarƙashin gadon tsohuwa, ƙura ta lulluɓe shi, ba a tunawa da shi sai ranar tashi daga gida ko ranar rabon gado. A kai wa mai gyara, ya buɗe baya ya leƙa, ya ce, "Hajiya, ai wannan haɗe-haɗe ne, sunan da ke gaba daban, kayan ciki daban." Shi ke nan, sai a miƙa wa 'yan gwangwan su auna a kilo. Ni kuwa abin da nake so in nuna miki shi ne, haɗe-haɗen nan iri-iri ne. Wani haka aka ƙera shi tun daga kamfani, wani larura ce ta haɗa shi, wani kuma algus ne. Kafin ki yanke hukunci, ya kamata ki san wanne ne a hannunki.

Da farko dai, rediyon da abu biyu ne. Akwai akwati, wato gidan da ido ke gani, na katako ko na wata roba mai tauri da ake kira bakilait. Sannan akwai inji, wani farantin ƙarfe ne da aka jera kayan aiki a kansa: wayoyi, da sandunan da ake murɗawa, da bawul, wato wasu 'yan kwalabe masu kama da ƙwan lantarki, waɗanda sai sun yi zafi rediyo ke fara magana. Noti uku ko huɗu ne kawai suke riƙe inji a cikin akwati. In an kwance su, aka zare abubuwan murɗawa, sai inji ya fito kamar aljihun tebur. Kin ga ke nan musanya ba ta da wuya.

Asalin maganar a Amurka ta faro. A ran 2 ga Nuwamba 1920 tashar KDKA ta birnin Fitsbag ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, daga nan jama'a suka shiga rububin rediyo. Amma rediyon farko ba abin a ajiye a falo ba ne. Kamfanin Atwater Kent na birnin Filadelfiya, wajen 1923, a kan falankin katako yake jera kayan, tsirara, ba ko marufi. Ga wayoyi birjik, ga batir irin na mota mai ruwan da ke cin darduma in ya zuba. Ke da kanki kin sani, ba macen da za ta share ɗakinta ta yi jere, a kawo mata wannan tarkace a girke a tsakiya ta yi murna. Masu sayarwa suka gane cewa in ana son rediyo ya shiga falo, tilas ya yi kama da kayan ɗaki.

Nan kamfanonin kafintoci suka sami kasuwa. Atwater Kent ya ƙera inji, kamfanin Pooley ko Red Lion ya ƙera akwati, a haɗa a sayar. A 1929 har cikin wani tebur mai ƙafa shida na kamfanin Kiel aka riƙa ɓoye injin Atwater Kent, baƙo ya zo ya ɗora kofi a kai bai san rediyo ba ne. Wani kamfanin kuma, Scott na birnin Shikago, injinsa yake sayarwa mai ƙyalli kamar sabuwar samira, mai saye ya zaɓi akwatin da ya yi masa daga jerin da ake nuna masa. Saboda haka in an ga rediyon wancan zamani, suna ɗaya a jikin katako wani sunan a jikin ƙarfe, sau da yawa ba wanda ya cuci wani. Haka ya fito daga kanti.

Sai kuma Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, ya zo da nasa. A farkon 1942 Amurka ta daina ƙera motocin farar hula, a watan Afrilu na shekarar kuma ta tsayar da ƙera rediyon gida, don masana'antu su koma kayan soja. Kamfanin Philco ya waiga ya ga injinan rediyon mota jibge, ba motar da za a sa su. Sai ya ɗauke su ya gyara musu hanyar shan wuta, ya zuba su cikin akwatunan rediyon gida. Wanda bai sani ba, in ya buɗe bayan irin wannan ya ga injin mota, zai rantse wani bakanike ne ya yi dabara, alhali kuwa aikin kamfani ne, kuma masu tara tsofaffin kaya suna nemansa saboda tarihin nan.

A Ingila ma an yi makamancin haka. Yaƙi ya yi tsawo, rediyoyi sun lalace, ba kayan gyara. A 1944, da amincewar gwamnati, aka fito da rediyo samfuri ɗaya, kamfanoni sama da 40 suka riƙa ƙera shi, akwatin katako fili ba ado, ba sunan kowa a gaba. Kuɗinsa fam 12 da sule 3 da kwabo 4. In kina son sanin wanda ya ƙera, sai a duba bayan inji, akwai harafin U da lamba: U1 na kamfanin Bush ne, U7 na Murphy. Da yake duk awonsu ɗaya, injin wannan kamfani yana shiga akwatin wancan daram. Irin wannan rediyo, ƙarfen ne kaɗai ke faɗin asalinsa.

Bari mu dawo Afirka, don akwai labarin da na tabbata zai ba ki dariya. A ƙasar da ake kira Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, akwai wani Bature jami'in watsa labarai, Harry Franklin. An buɗe gidan rediyo a Lusaka don 'yan ƙasa, amma talaka ba shi da kuɗin sayen akwati. Ya yi ta yawo kamfani-kamfani a Ingila yana neman wanda zai ƙera mai araha, har kamfanin batir na Ever Ready ya yarda. A 1949 rediyon ya fito. Kin san me aka yi akwatinsa da shi? Tukunyar alminiyam ce ba mariƙi, aka yi mata shuɗin fenti, aka kifa ta a gefe, aka huda mata wurin lasifika. Bawul huɗu gare shi, yana zaune a kan batirinsa, an toshe ramukansa da raga don ƙwari. Kuɗinsa fam 5, batir kuma sule 25. Har sunan tukunyar ya bi shi. Ga inji a cikin tukunya, amma ba wanda zai ce jabu ne.

Mu kuma a nan gida, yadda muka fara sanin rediyo ya sha bamban. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa rediyon waya a Ikko a 1935, Ibadan a 1939, sannan Kano a 1944. Tasha ɗaya ce ke kamo shiri, ta turo shi ta waya kamar wutar lantarki zuwa gidajen da suka biya kuɗin haya, da kuma wuraren taruwar jama'a. Abin da ake rataye wa mutum a bango akwatin katako ne da lasifika a ciki, sai abin ƙara murya. Ba bawul, ba allurar neman tasha. Wannan ya kamata ki riƙe, domin wata za ta sami irin akwatin nan a kayan kakanta, ta buɗe ta ga wayam, ta ce an sace injin. Ba a saci komai ba, da ma can ba shi da inji. Wanda ya cusa masa inji don ya "cika" shi, ya ɓata shaidar yadda kakanninmu suka fara sauraron duniya.

Bayan nan ne rediyo mai kama tasha da kansa ya yawaita. Sashen Hausa na BBC ya fara a ran 13 ga Maris 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962, mai hali ya sayi Philips ko Pye ko Grundig ya girke a zaure, uwargida ta saƙa masa mayafi. Sai dai ƙasarmu ba ta raga wa irin waɗannan kaya. Gara ta ci katako, damina ta kumbura shi, hunturu ya tsattsage shi, ɓera ya yi sheƙa a cikin wayoyi. Ana cikin haka taransista ta iso. A 1947 aka ƙirƙiro ta, a 1954 aka fara sayar da rediyon aljihu mai amfani da ita a Amurka, ba a jima ba 'yan Japan suka cika kasuwannin duniya da irinsu. Ba ta buƙatar zafi, batirin tocila ya ishe ta. Bawul ya fara wuyar samu, babban batirinsa ma haka.

To, mai gyara na bakin kasuwa me zai yi? Maigida ya kawo akwati mai kyau inji ya mutu, ga wani can inji lafiya lau gara ta cinye akwati. Sai ya haɗa biyu ya fitar da ɗaya. Wani lokaci ya cire injin bawul ɗungurungum ya ɗaura na taransista. Wani lokaci kafinta ya ƙera sabon gida. Ni dai ban ga laifinsu ba. Da babu gara ba daɗi, kuma da wannan dabara ce gidaje suka ci gaba da jin labarai da Zaɓi Sonka shekara da shekaru. Rediyo irin wannan, ɗinkin da ke jikinsa tarihin gidanku ne: yana nuna shekarar da abu ya yi wuya, da yadda aka yi maneji.

Na ukun shi ne algus. Tun da tsofaffin kaya suka yi daraja a Turai da Amurka, wasu dillalai kan ɗauki akwatin samfuri mai tsada su cusa masa kowane inji, su sayar a matsayin na asali. Turawa masu cinikin kayan tarihi, abin da aka haɗa daga jiki biyu "aure" suke ce masa. Su ma a wurinsu auren ba haramun ba ne, abin da suke ƙi shi ne a ɓoye wa mai saye. Daidai yake da mai sayar da kwano ya san murfin na aro ne ya yi shiru.

Yanzu ta yaya za ki gane? Ba sai kin yi karatun lantarki ba, idon da kike tantance atamfa da shi ya isa. Amma duk abin da zan faɗa, a yi shi rediyo ba ya jone da wuta.

Fara da ramuka. Dubi sandunan abin murɗawa, kowanne ya fito ta tsakiyar raminsa? In kin ga an faɗaɗa rami da wuƙa, ko akwai ramin da ba komai a cikinsa, ko an toshe wani da katako an shafe da fenti, to an yi musanya. Kifa akwatin ki dubi ƙasa. Inji yana da notinsa, akwati yana da ramukan da kamfani ya huda. In akwai tsofaffin ramuka a banza, ga kuma sababbi a gefe, magana ta fito. Cikin akwatin ma yana da shaida, domin injin da ya shekara talatin a wuri yana barin sawunsa, kamar yadda gado ke barin alama a daɓe. In sawun ya fi injin da ke ciki girma ko ƙanƙanta, wani ne ya taɓa zama a wurin.

Sai takarda. Kamfanoni da yawa suna manna wata 'yar takarda a cikin akwati ko a murfin baya, mai lambar samfuri da zanen inda kowane bawul yake. Ƙirga ki gani. Takarda ta nuna biyar, inji yana da shida? Ba nasa ba ne. A jikin ƙarfen ma akan buga lamba, a gwada ta da ta takardar. Masu gyara na Amurka suna da littattafan John Rider, manya-manya har 23, da suka tattara zanen kusan kowane inji daga farkon shekarun 1930 zuwa na 1950, kuma da wannan lamba ake nemo shi.

Gilashin gaba shi ma yana magana. In an rubuta gajeren zango a gilashi amma inji ba shi da makunnin sauya zango, ko kuma allura ta ƙare tafiyarta ba ta kai ƙarshen rubutu ba, gilashin da injin ba tare aka yi su ba. Akwai kuma alamun shekaru. Bawul mai ƙafa takwas a 1935 ya fito, haka ma koren idon nan da ke tsukewa in an kama tasha sosai. Don haka ba za a same su a injin 1930 ba. In akwati yana da tagar koren ido amma inji ba shi da mazauninsa, kin gane. Rediyon Amurka da aka yi tsakanin 1953 da 1963 yana da 'yan alamomi biyu a kan lamba 640 da 1240, inda aka ce jama'a su murɗa in an kawo harin bam. Wanda aka rubuta wa Jamus ta Yamma kuwa, tsakanin 1949 da 1990 aka yi shi. In gaba ya ce shekara kaza, ciki ya ce wata, sai a bi maganar ciki, domin shi ne mai aikin.

Yanzu ga inda nake roƙonki ki buɗe kunne, don maganar rai ce. Kada ki jona tsohon rediyo da wuta don ki ji ko yana yi. Na farko, in na Amurka ne, ƙarfin wuta 110 zuwa 120 aka yi shi dominsa, tamu kuwa 230 ce, nan take zai ƙone. Na biyu, akwai wasu ƙananan kaya a ciki da ake kira kafasita, na da ɗin da takarda da kakin zuma aka yi su. In sun tsufa suna yoyon wuta, su jawo hayaƙi ko gobara. Na uku, wanda ya fi duka, rediyoyi masu yawa na shekarun 1940 da 1950, irin su Bush DAC90 na Ingila, ba su da taransifoma. Waya ɗaya ta wutar gida kai tsaye take haɗe da farantin ƙarfen. Abin da ke tsakanin hannun mutum da wuta shi ne akwatin, da murfin baya, da abubuwan murɗawa. Kamfani ya auna komai yadda yatsa ba zai kai ga ƙarfe ba. To, in aka ɗauki irin wannan inji aka sa shi a gidan da ba nasa ba, kan noti ya leƙo waje, ko sandar murɗawa ta fito tsirara, ko baya ya zauna a buɗe, an ɗana tarko ke nan a ɗakin da yara ke rarrafe. Nan ne aron murfi ya wuce maganar ado.

Bugu da ƙari, in kin ga wani farin abu kamar kwali a kusa da inda ke zafi, kada ki kankare shi, kada ki hura. Asbesto ne mai yiwuwa, ƙurarsa tana illa ga huhu.

Abin da za ki iya yi da hannunki shi ne shara. Ki sami burushi mai laushi ki kakkaɓe ƙura a tsakar gida. Katako a goge shi da tsumma mai ɗan laima, a bar shi ya sha iska a inuwa. Kada a kankare tsohon fenti don a shafa sabo, kada a ɓanɓare takardar ciki ko da ta yage. Gilashin gaba kuwa, ta waje kawai za ki goge. Rubutun tashoshin ta ciki aka buga shi, ruwa na taɓa shi zai wanke, kuma ba ya dawowa.

Sauran aiki na mai gyara ne, shi ma wanda ya san bawul, galibi dattijo. In kin same shi, ki lura. Wanda ya san aiki ba ya fara da jona wuta. Zai canza kafasitocin da suka tsufa tukuna, ya sa sabuwar wayar wuta, sannan ya kunna ta hanyar ƙwan lantarki da ya haɗa a tsakani, yadda in akwai matsala ƙwan ne zai haska da ƙarfi, inji ya tsira. In mai batir ne, irin wanda ke son 90, akan jera ƙananan batura masu 9 guda goma. Ki ce masa, "Baba, duk abin da ka cire a sa mini a leda." A ajiye ledar tare da rediyon.

Daga nan zaɓi uku gare ki. In akwatin da injin duk na kirki ne amma ba na juna ba, ana iya haƙuri a nemi abokin kowanne, ko da zai ɗauki shekaru, domin mahaƙurci mawadaci. In haɗin tsoho ne, tun zamanin kaka aka yi shi, kuma mai gyara ya tabbatar ba haɗari, ni shawarata a bar shi yadda yake. In kuwa akwai haɗari kuma ba ya gyaruwa, a yanke wayar wutar gaba ɗaya, a goge shi a ɗora a kan kabad. Ko bai yi magana ba ya isa abin nuna wa yara.

Kowanne kika zaɓa, ki sami takarda ki rubuta abin da kika sani: na wane ne, a wane gari aka saya, sunan da ke akwati, lambar da ke inji, da abin da aka canza da shekarar da aka canza. In akwai tsohuwa a gidan da ta san labarinsa, ki tambaye ta tun tana iya tunawa. Ki ninke takardar ki sa a ciki. In wata rana sayarwa ta kama, ki faɗa wa mai saye gaskiya cewa haɗi ne, ya saya da saninsa. In kuma 'yarki ce ta gaje shi, ba za ta tsaya gaban mai gyara tana zare ido ba, balle ta miƙa wa 'yan gwangwan.